Ƙofar da Ake Rufe wa Manzon Sarkin Ingila

Ranar Asabar ce, 6 ga watan Mayun 2023. Na je karɓar ɗinki wajen telana, sai na tarar an dakatar da kekuna, kowa ya zuba wa 'yar talabijin ɗin da ke maƙale a bango ido. Naɗin Sarki Charles na Uku ake yi a Landan. Daidai lokacin da babban limamin Cocin Ingila ya ɗaga kambin nan mai nauyin fiye da kilo 2, ya ɗora masa a ka, ya ɗan jujjuya shi don ya zauna daidai, wani dattijo da ke zaune a kan benci ya girgiza kai ya ce, "Kun ga mutanen da suka san darajar sarauta. Shekara dubu suna abu guda, ba wanda ya isa ya taɓa musu sarki."

Na ce, "Baba, ai kuwa sun taɓa. Mai irin sunan wannan ma, na farkon, kansa suka sare."

Ya dube ni sheƙeƙe ya ce, "Kai ɗan nan, ku 'yan boko ba kwa rasa abin faɗa." Na karɓi kayana na fito, amma maganar tasa ta biyo ni har gida, domin ba shi kaɗai ke da wannan fahimta ba. Da yawanmu idan muka ga kekunan doki na zinare da dogarai masu dogayen huluna na gashi, sai mu ɗauka cewa sarautar Ingila ta daɗe ne saboda Turawa sun riƙe ta hannu bibbiyu. Ni kuwa a ganina ta daɗe ne saboda an karya ta sau da yawa, kuma daga baya ta koyi sunkuyawa tun kafin a sake karya ta. Al'adun da ke burge mu, da yawansu rasit ne na ikon da aka ƙwace daga hannun sarki.

A cikin al'adun nan duka, wadda ta fi birge ni ba ta da zinare ko ƙwaya. Ranar buɗe Majalisar Dokoki ake yin ta. Sarki zai zo a keken doki, ya sa kambi, ya zauna a karaga a zauren Majalisar Dattawa. Sai a aiki wani jami'i da ake kira Mai Baƙar Sanda ya je ya kira 'yan Majalisar Wakilai su zo su saurari jawabi. Yana tafe cikin taƙama, yana dab da isa, sai a banko masa ƙofa garam a fuska. Dole ya tsaya ya ƙwanƙwasa sau uku da sandar tasa kafin a buɗe. In an buɗe ma, wakilan ba sa sauri. Suna tafe suna hira da dariya, da gangan. Jawabin da sarkin zai karanta kuwa ba shi ya rubuta ba, gwamnati ce ta rubuta masa. Ko ya yarda da abin da ke ciki ko bai yarda ba, haka zai karanta da murya ɗaya, ba ɗagawa ba saukewa. Wani abin dariyar ma, kafin ya baro Fadar Buckingham sai an kai ɗan majalisa guda an ajiye a can a matsayin garkuwa, har sai sarki ya dawo gida lafiya.

In ka ji gangami da labari. Ranar 4 ga Janairun 1642 Sarki Charles na Ɗaya ya kutsa zauren Majalisar Wakilai da mutanensa ɗauke da makamai, zai kama wakilai biyar da suka dame shi. Ya tarar sun tsere. Ya tambayi kakakin majalisar, William Lenthall, inda suke, shi kuwa ya durƙusa ya amsa masa da cewa a wannan wuri ba shi da idon gani ko harshen magana sai yadda majalisa ta umarce shi. Cikin shekarar yaƙin basasa ya ɓarke. Ranar 30 ga Janairun 1649 aka fito da sarkin gaban jama'a a Landan aka fille masa kai, bayan an yi masa shari'a da laifin cin amanar ƙasa. Shekara 11 Ingila ba sarki. Kayan sarauta na da, an narkar da zinarensu an sayar da duwatsun. Kambin da dattijon nan ya gani ana ɗora wa Charles na Uku, a 1661 aka ƙera shi, bayan an dawo da sarauta. Daga cikin tsofaffin kayan naɗi, wani ɗan cokali na ƙarni na 12 ne ya tsira, wanda ake zuba man shafawa a ciki. Shi ma wani ne ya saye shi lokacin gwanjo, ya dawo da shi daga baya.

Dawowar sarauta a 1660 ba ta kashe rigimar ba. James na Biyu ya sake gwada tsayin hannunsa, a 1688 manyan ƙasa suka gayyato surukinsa Wiliyam daga Holan da rundunarsa, James ya gudu Faransa. Kafin a ba Wiliyam da matarsa Mary gadon, sai da aka gindaya sharuɗɗa a 1689: sarki ba zai ɗora haraji ba, ba zai jingine doka ba, ba zai riƙe soja a lokacin zaman lafiya ba, sai da amincewar majalisa. A 1701 majalisa ta tsara wanda zai iya gado da wanda ba zai iya ba, kuma da wannan dokar aka tsallake 'yan uwa fiye da 50 mabiya ɗarikar Katolika, aka ɗauko Joji na Ɗaya daga Hanoba ta ƙasar Jamus a 1714. Rabon da wani mai sarauta ya ƙi sa hannu a kan dokar da majalisa ta zartar, tun Sarauniya Anne a 1708. Wato ikon yana nan a rubuce, amma ya fi shekara 300 ba wanda ya yi gigin taɓa shi.

To, ina shahararrun? In ka tambayi ɗan makaranta sarakunan Ingila, zai kawo maka Wiliyam ɗan Normandi da ya ci ƙasar da yaƙi a 1066, da Jon wanda manyan hakimansa suka tilasta wa amincewa da takardar Magna Carta mai taƙaita ikon sarki a 1215, da Henri na Takwas, da Elizabeth ta Ɗaya, da Biktoriya. Jon bai cika wata uku ba ya sa Fafaroma ya soke takardar, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe, domin magadansa sun yi ta sake fitar da ita duk lokacin da suke neman kuɗi ko goyon baya. Henri kuwa, wanda aka fi tunawa da matansa shida, shi ne hoton sarki mai cikakken iko: biyu ya sa an sare musu kai, biyu ya rabu da su. Da Fafaroma ya ƙi raba aurensa na fari, sai ya ɓalle daga Rum a 1534 ya naɗa kansa shugaban cocin ƙasarsa. Abin da ke ba ni dariya shi ne, laƙabin Mai Kāre Addini Fafaroma ne ya ba shi a 1521, ladan rubutun da ya yi yana sukar masu neman ɓallewa. Ya ɓalle, bai mayar da laƙabin ba, kuma har yau haruffansa biyu na nan a jikin kwabbansu kusa da kan sarki. Amma ko shi Henrin, duk zafin kansa, ta hannun majalisa ya bi ya yi wannan ɓallewar. Bai san yana wasa wuƙar da za a yanka magadansa da ita ba.

Wata magana da nake so mu daina haɗiyewa ba tauna ita ce wai bukukuwan nan haka suke tun fil azal, cif-cif, ba kuskure. A naɗin Joji na Huɗu a 1821, matarsa Caroline ta zo ƙofar cocin Westminster aka hana ta shiga bisa umarninsa, tana zagaya ƙofofi jama'a na kallo. A naɗin Biktoriya a 1838 ba a yi cikakken gwaji ba. An ƙera zoben naɗi daidai da ɗan ƙaramin yatsanta, babban limamin ya dage ya cusa shi a na kusa da shi, sai da ta tsoma hannu a ruwan ƙanƙara kafin ya fita. Wani tsohon basarake mai shekara tamanin da ɗoriya ya zo mubaya'a, ya gangaro daga kan matakala. Wannan tsari da muke gani yau, na taku ɗaya da minti ɗaya, daga ƙarshen zamanin Biktoriya ya fara kankama, musamman bukukuwan cikarta shekara 50 da 60 a kan gado, a 1887 da 1897. Ajiye gawar sarki a zauren Westminster jama'a su zo ban kwana, wanda a 2022 mutum kusan 250,000 suka bi layi dominsa, da Edward na Bakwai aka fara a 1910. Jawabin Kirsimeti ta rediyo, Joji na Biyar ya fara a 1932. Duba da kyau: iko na raguwa, ado na ƙaruwa. Abin da aka rasa a sanda aka mayar da shi a alkyabba.

Joji na Biyar ɗin nan ba ya cikin waɗanda ake yawan ambata, amma ni ina ganin shi ne gwanin gidan. Ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, jiragen Jamus na jefa bama-bamai a Landan, alhali sunan gidan sarautar na Jamusanci ne, Saxe-Coburg da Gotha. A 1917 ya goge sunan ya ɗauki Windsor, sunan wata tsohuwar fadarsu. A shekarar ce kuma juyin juya hali ya tumɓuke ɗan uwansa Nikolas na Biyu na Rasha. Gwamnatin Birtaniya ta yi tayin ba shi mafaka, Joji da kansa ya nemi a janye tayin, don tsoron kada talakawansa su harzuƙa. A 1918 aka harbe Nikolas da iyalinsa. Ɗaya ɗan uwan nasa, Wilhelm na Jamus, shi ma ya rasa gadonsa a wannan shekarar. Gemun 'yan uwa ya kama wuta, Joji ya shafa wa nasa ruwa, ko da kuwa ruwan na rashin zumunci ne. Ɗansa Edward na Takwas bai gaji wannan wayon ba. Ya dage sai ya auri Wallis Simpson, Ba'amurkiya mai saki biyu, gwamnati da coci suka ƙi, a Disamban 1936 ya sauka bai cika shekara ba. Gidan ya zaɓi gado, ya bar mutum.

Elizabeth ta Biyu, 'yar ƙanen Edward, ita ta kai wannan darasi ƙarshe. Daga 6 ga Fabrairun 1952 zuwa 8 ga Satumban 2022, shekara 70, ta yi aiki da firaminista 15, daga Churchill zuwa Liz Truss, wadda ta naɗa kwana biyu kafin rasuwarta, tana dogara sanda. Kowane mako tana ganawa da firaminista su biyu kaɗai, ba mai rubuta abin da aka faɗa. Har ta mutu ba wanda zai rantse ga jam'iyyar da take so. Wasu na cewa ai shiru ba aiki ba ne. Ni kuwa na san yadda yake da wuya mutum ya riƙe bakinsa minti goma a zaman sulhun gida, balle shekara saba'in. Duk lokacin da ta ga iska ta juya kuma, takan sunkuya. Da gobara ta ci wani sashe na Fadar Windsor a 1992, jama'a suka yi ca a kan wa zai biya gyara, ta amince ta fara biyan harajin kuɗin shiga, aka buɗe Fadar Buckingham ga masu yawon buɗe ido don a tara kuɗin. Da Diana, tsohuwar matar ɗanta Charles, ta mutu a 1997 mutane suka fusata da shirun fada, ta baro gidanta na Balmoral da ke Scotland ta dawo Landan ta yi jawabi. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, kuma ba wanda ya san haka kamar wannan tsohuwar.

Har nan ina tare da masu yabo. Ina ganin hikima a tsarin da ya raba girma da iko, ya ba wani mutum girman ba ikon, ya ba wani ikon amma ya sa shi rusunawa kowane mako. Inda muke rabuwa da su shi ne a kan farashin wannan shirun, da kuma wanda ya biya.

Mu Hausawa muna cewa ba a mugun sarki sai mugun bafade. Turawan Ingila sun ɗauki irin wannan magana sun mayar da ita doka: sarki ba ya laifi, ministocinsa ne ke ɗaukar alhaki. Yana da daɗin ji, amma dubi yadda yake aiki. A 2019 Firaminista Boris Johnson ya shawarci sarauniya ta dakatar da zaman majalisa na mako biyar ana tsakiyar rikicin ficewa daga Tarayyar Turai. Ta amince, domin al'ada ba ta ba ta damar ƙi ba. Ranar 24 ga Satumba Kotun Ƙoli ta ce dakatarwar haramtacciya ce. Ashe mai kambin da ake cewa shi ne garkuwar tsarin mulki bai iya tare komai ba, alƙalai ne suka tare. A gefe guda kuma, inda maganar ta shafi aljihunsu, hannun bai mutu ba. Akwai wata al'ada da ba a nunawa a talabijin, wadda ta ce duk ƙudurin da ya taɓa ikon sarki ko dukiyarsa sai an nuna wa fada an nemi izini kafin majalisa ta kammala shi. Dukiyar da ta wuce daga sarki zuwa magajinsa ba a cire mata harajin gado, alhali talakan da ya bar gida mai tsada sai an yanki kaso 40 cikin 100 na abin da ya haura ƙa'ida. Bikin naɗin da muka kalla a shagon tela, fam miliyan 72 ya ci daga baitulmali, a shekarar da ma'aikatan jinya ke yajin aiki a kan albashi.

Wannan na cikin gidansu ne, su ya shafa. Na waje shi ne namu. Sarki a ƙarƙashin doka, da haraji sai da yardar wakilai, duk kayan amfanin gida ne, ba su sa su a jirgin ruwa sun kawo mana ba. Elizabeth ta Ɗaya da ake yaba wa don karya rundunar jiragen Sifen a 1588, ita ce ta ba John Hawkins aron jirgi a 1564 ya je cinikin bayi gaɓar Afirka ta Yamma. James ɗin nan da aka kora a 1688 saboda take haƙƙin Turawa, shi ne shugaban kamfanin sarauta da ya kwashi 'yan Afirka fiye da 100,000 zuwa ƙetaren teku, kuma ba don wannan aka kore shi ba. A 1824 Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ba Baturen matafiyi Clapperton wasiƙa zuwa ga Joji na Huɗu, sarki zuwa ga sarki, a kan ciniki da hulɗa. Shekara 79 bayan nan, a Maris ɗin 1903, Lugga ya tsaya a Sakkwato da sunan Edward na Bakwai ya shaida wa manyan gari cewa ikon naɗa sarki da tuɓe shi ya koma hannun wanda ya ci ƙasar da yaƙi. Sarkin Musulmi Attahiru ya faɗi a Burmi cikin watan Yuli. Sarkin Kano Alu ya ƙare rayuwarsa a tsare a Lakwaja. A can majalisar wakilan jama'a ce ta rage wa sarki tsawo, bayan ɗaruruwan shekaru ana ja-in-ja. A nan gwamna guda ne ya karɓe ikon a yini guda, ya riƙe a aljihunsa, kuma da Turawa suka tafi a aljihun gwamna suka bar shi. Shi ya sa idan na ji ana cewa mu yi koyi da yadda Ingila ke girmama sarakunanta, nakan ce a fara tambayar wa ya koya mana tuɓe namu da takarda.

Na san dattawanmu da suka ga hawan daba na Kaduna a 1956, lokacin da sarauniya ta zo, har yau suna ba da labarin da annashuwa, kuma ban ga laifinsu ba. Ita ce ma Sarauniyar Nijeriya a hukumance har zuwa 1 ga Oktoban 1963. Amma a wannan shekarar ta 1956, a Kenya, ƙasar da take ciki ranar da gado ya faɗo mata, dubban mutane na tsare a sansanoni da sunan murƙushe tawayen Mau Mau. Sai a 2013 gwamnatin Birtaniya ta biya mutum 5,228 diyya, fam miliyan 19.9 har da kuɗin shari'a, a kan azabar da aka gana musu. Da Charles ya je Nairobi a 2023 ya nuna baƙin ciki da nadama, amma bai furta neman gafara ba, don wannan wai hurumin gwamnati ne. Ka ji amfanin rashin iko: in ana rabon yabo kambi ne a gaba, in an zo biyan bashi sai a ce ai shi ba ruwansa, a nemi minista.

Su ma sun san inda ƙaiƙayin yake. A ranar naɗin nan, da kyamara ta juya kan Camilla, matar Charles, na lura ba a sa mata kambin da ke ɗauke da lu'ulu'un Koh-i-Noor ba, wanda aka karɓa a 1849 daga hannun Duleep Singh, sarkin Punjab, yana yaro ɗan shekara 10. Indiya ta daɗe tana neman a mayar mata da shi, fada kuma ba ta son surutu a ranar biki. Sai aka ɗauko kambin Sarauniya Mary na 1911, aka maƙala masa duwatsu uku daga lu'ulu'un Cullinan, wanda aka haƙo a Afirka ta Kudu a 1905. Mafi girman gutsuren wannan dutsen, mai karat 530, yana kan sandar da Charles ke riƙe da ita a hannun dama lokacin da dattijon nan ke girgiza kai. Koh-i-Noor kuwa bai je ko'ina ba. Yana nan cikin akwatin gilashi a Hasumiyar Landan, kuma Ba'indiyen da ke son ganinsa sai ya nemi biza, ya sayi tikiti a bakin ƙofa.